Arkanjelo Korelli, Sarkin Gogen Birnin Rum

An haifi Arkanjelo Korelli ran 17 ga Fabrairu, 1653, a Fusinyano, wani ɗan gari na ƙasar Italiya. Bai san ubansa ba, gama ya rasu tun yaron yana ciki. Sa'ad da ya tasa aka aika da shi Bolonya, inda gwanayen goge su ke a wannan zamani. Gogen nan kuwa irin na Turawa ne, mai tsirkiya huɗu. Ya dage bisa koyo, har a 1670 ƙungiyar manyan makaɗan birnin ta karɓe shi, yana da shekara 17.

Kafin ƙarshen 1675 ya riga ya zauna a Rum. Can ya sami iyayen gida: Kiristina, wadda ta bar sarautar Suwidin, da Kadinal Famfili, da Kadinal Ottoboni. A 1687 ya shugabanci makaɗa wajen 150 a fadar Kiristina. An ruwaito ba ya yarda bakan wani ya saɓa wa na 'yan'uwansa, sai duka su tashi tare, su sauka tare.

Kiɗansa iri biyu ne, akwai na majami'a, akwai na fada. Na fadan su ne littafinsa na biyu, na 1685, da na huɗu, na 1694. Ga yadda tsarinsu ya ke. Goge biyu su ke riƙe da zaƙin kiɗan, wannan ya ja, wancan ya amsa, babu bawa babu ubangiji a tsakaninsu. Ƙarƙashinsu akwai murya ta uku, mai kauri, wadda ba ta yankewa, ita ce ginshiƙin ginin duka. Babban goge ne ke jan ta, sa'an nan mai wani akwatin tsirkiyoyi da a ke taɓawa da yatsu ya cike giɓin, yana bin lambobin da aka rubuta masa. Watau muryoyi uku, amma galibi makaɗa huɗu. Yawanci a kan soma da shimfiɗa a hankali, kana raye-raye su biyo baya: alamanda mai tafiyar kasaita, da korante mai gudu, da sarabanda mai natsuwa, da jiga mai tsalle. Ba don a taka aka tsara su ba, sai don a zauna a saurara.

Abin lura shi ne, littattafai shida kaɗai ya shirya wa ɗab'i, kowanne da kiɗa 12, jimla 72. Ya kan riƙe aiki shekaru yana gyara, domin a wurinsa da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na shidan ma bai ga fitowarsa ba, don ya rasu ran 8 ga Janairu, 1713, aka binne shi a Fantiyon, littafin kuwa sai a 1714 aka buga shi a Amsterdam.

Duk da ƙarancin nan, kiɗansa ya zama ma'auni a Turai. Almajirinsa Jeminiyani ya kai koyarwarsa Ingila, Bach na Jamus kuma ya gina kiɗa bisa wani karinsa.

To, 'yan'uwa masu shirin koyarwa, darasi ɗaya da aka gyara sosai ya fi goma da aka yi da garaje. Ajin da bakunansa ke tashi tare kuwa, malami mai haƙuri ne ya hore shi.