Seyni Kunce da Noman Rani a Nijar

Ya kai mai karatu, in kana noman shinkafa a bakin kogi, a Tunuga ko a Gaya, ya kamata ka san tarihin Seyni Kunce.

An haife shi a Fandu a shekarar 1931. Ya shiga aikin soja tun zamanin mulkin Faransa. Ranar 15 ga Afrilu 1974 ya kifar da gwamnatin Diori Hamani, a lokacin da fari da yunwa suka addabi ƙasa. Nan da nan ya sa aka raba hatsi ga talakawa.

Ya lura cewa damina kaɗai ba ta ci da ƙasa. Saboda haka, a 1978 aka kafa hukumar ONAHA domin gyara fadamu da jawo ruwan kogi da injuna. Manomi ya samu girbin shinkafa sau biyu a shekara. Bayan taron Damagaram na 1982, aka danƙa kula da filayen ga ƙungiyoyin manoma. Da farin 1984 ya zo, ya ƙarfafa noman rani.

Amma ka sani, aikin yana da tsada. Da farashin yuraniyom ya faɗi, kuɗin gwamnati ya ragu, nauyin ruwa da taki ya koma kan manomi. Haka kuma, a zamaninsa an hana jam'iyyun siyasa.

Ya rasu a Paris ranar 10 ga Nuwamba 1987. Darasin da ya rage gare ka shi ne: ka biya kuɗin ruwa kan lokaci, ka kuma halarci taron ƙungiyarku, domin da su ake gyara inji da magudanar ruwa.