Tarihin Harold Urey, masanin da ya binciki tushen rai a ɗakin gwaji

An haifi Harold Clayton Urey ne a ranar 29 ga watan Afrilun 1893 a garin Walkerton da ke jihar Indiana ta Amurka. Yana ɗan shekara 6 mahaifinsa, wanda malamin makaranta ne kuma mai wa'azi, ya rasu.

Ya koyar a makarantun ƙauye kafin ya shiga Jami'ar Montana, inda ya sami digiri a ilmin dabbobi a 1917. Daga bisani ya koma fannin kimiyyar sinadarai, ya kammala digirin digirgir a Berkeley a 1923.

A 1931, yana Jami'ar Columbia, shi da abokan aikinsa biyu suka gano wani nau'in haidurojin da ya ninka wanda aka sani nauyi. Wannan ne ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1934.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Urey ya jagoranci wani sashe na aikin tace yuraniyam domin ƙera bam ɗin nukiliya. Bayan yaƙin sai ya shiga sahun masu gargaɗi game da haɗarin makamin, ya kuma mayar da hankalinsa ga duniyoyi da asalinsu.

Gwajin Chicago

A Jami'ar Chicago, Urey ya yi hasashen cewa iskar da ta lulluɓe duniya tun fil azal ba ta da oksijin, sai dai metan da amoniya da haidurojin da tururin ruwa.

A 1952 wani ɗalibinsa mai suna Stanley Miller ya nemi izinin gwada wannan hasashe. Ya zuba ruwa da waɗannan iskoki a cikin tulunan gilashi da aka toshe, ya riƙa tafasa ruwan yana sakar musu tartsatsin lantarki a madadin walƙiya.

Cikin mako guda ruwan ya rine. Da aka auna shi sai aka tarar da sinadaran amino asid, waɗanda su ne tubalan furotin da ke jikin kowane mai rai.

Da aka zo buga sakamakon a mujallar Science a watan Mayun 1953, Urey ya ƙi a sa sunansa, don kada girmansa ya danne ɗalibin da ya yi aikin.

Gwajin dai bai samar da rai ba, kuma masu shi ba su yi iƙirarin haka ba. Tubali daban, gini daban. Abin da ya nuna shi ne cewa ana iya ɗaukar wani ɓangare na wannan tambaya a kai shi ɗakin gwaji, a maimaita, a tantance.

A yau galibin masana na ganin iskar farko ta fi ƙunsar kabon-dayoksaid da naiturojin, saɓanin zaton Urey. Sai dai an sami amino asid a dutsen Murchison da ya faɗo daga sama a Ostireliya a 1969, da kuma ƙurar da kumbon Amurka ya kawo daga dutsen Bennu a 2023.

Dutsen Zagami

Urey na cikin waɗanda suka nace cewa duwatsun da ke faɗowa daga sama na ɗauke da tarihin duniyoyi, kuma ɗaya daga cikin mafi daraja a arewacin Najeriya ya sauka.

A ranar 3 ga watan Oktoban 1962, wani dutse mai nauyin kimanin kilo 18 ya faɗo dab da wani manomi a kusa da Zagami, a lardin Katsina. An kai shi ofishin hukumar binciken ma'adinai da ke Kaduna.

A 1995 masana suka nuna cewa iskar da ke kulle a cikinsa ta yi daidai da wadda kumbunan Viking suka auna a duniyar Mars a 1976. Sun dogara ne da bambancin nauyin ƙwayoyin sinadarai, fannin da Urey ya share wa hanya.

Shi kansa bai ga wannan sakamako ba. Ya koma Jami'ar California a San Diego a 1958, ya yi nazarin duwatsun da 'yan sama jannatin Apollo suka ɗebo daga wata, waɗanda suka rushe ra'ayinsa na cewa wata bai taɓa narkewa ba.

Harold Urey ya rasu a La Jolla a ranar 5 ga watan Janairun 1981, yana da shekara 87.