William Shakespeare: Ɗan Ci-rani Da Ya Ba Mata Baki

An haifi William Shakespeare a garin Stratford na ƙasar Ingila cikin watan Afrilu 1564. Mahaifinsa baduku ne, mai ɗinka safar hannu ta fata. Yana da shekara 18 ya auri Anne Hathaway, wadda ta girme shi da shekara 8. Suka haifi Susanna a 1583, sa'an nan tagwaye, Hamnet da Judith, a 1585.

Da nauyin iyali ya hau kansa, sai ya bar su a gida ya nufi Landan neman abin kai, kamar dai yadda mutum kan bar Jimeta ya sauka Ikko. A can ya shiga ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo, yana fitowa a dandali, yana kuma rubuta musu wasanni. Bai mance da gida ba. A 1597 ya sayi wani babban gida a garinsu, shekara guda bayan rasuwar ɗansa Hamnet.

A zamanin nan ba a barin mace ta hau dandali a Ingila, sai dai a sa wa yaro kayan mata ya fito a madadinta. Duk da haka, a wasanninsa na ban dariya mata ya ba kaifin basira. Akwai Portia, wadda ta yi shigar lauya ta shiga kotu don ta ceci abokin mijinta. Mai bin sa bashi ya dage sai ya yanki tsokar jikinsa, kamar yadda suka yi sharaɗi. Maza duk suka rasa ta cewa. Ita kuwa ta yarje masa ya yanka, amma kada ɗigon jini ya zuba, tun da ba a ambaci jini cikin takarda ba. Nan shari'a ta juye.

Akwai kuma Beatrice, wadda ba namijin da ya isa ya kayar da ita a ba'a, da Viola, wadda jirgin ruwa ya nutse da ita, ta tsira, ta yi shigar maza ta nemi aiki a gidan sarauta. Wasan Viola shi ne marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar Hausa da sunan Daren Sha Biyu a 1971.

Shakespeare ya koma garinsu ya rasu ran 23 ga Afrilu 1616, yana da shekara 52. Abokan aikinsa suka tattara wasanninsa 36 suka buga a 1623. Sai a 1660 mata suka fara hawa dandali a Landan, watau bai taɓa ganin mace ta fito a matsayin Portia ba. Daga baya 'yan sinima suka ɗauka, har Emma Thompson ta fito a matsayin Beatrice a fim ɗin 1993.

Amma ga wani abin lura. 'Yarsa Judith, da aka neme ta shaida wata takarda a 1611, alama kawai ta zana maimakon sunanta. Uban ya yi nisa yana koya wa matan dandali magana, ta gida kuwa ba ta sami alƙalami ba. Magidancin da ke Kurmi yana aika kuɗin abinci Arewa, ya kyautu ya riƙa haɗawa da kuɗin makarantar 'ya'yansa mata.