Carter Woodson: Ɗan bayin da ya shigar da tarihin baƙar fata azuzuwan Amurka

Duk watan Fabrairu, makarantu da dama a Amurka kan sauya kama. Ɗalibai na zana hotunan Rosa Parks da Martin Luther King a jikin bango, wasu su shirya wasan kwaikwayo kan tattakin Selma na 1965, wasu kuma su tara abinci da littattafai su kai wa mabuƙata a unguwanninsu. Sai dai ba kowane yaro cikinsu ya san sunan mutumin da ya assasa wannan al'ada ba, wato Carter Godwin Woodson.

An haife shi ranar 19 ga Disamba, 1875 a New Canton da ke jihar Virginia, shekara goma bayan haramta bauta a ƙasar. Mahaifinsa James da mahaifiyarsa Anne Eliza duk sun yi rayuwar bauta. Gidan talakawa ne mai yawan 'ya'ya, don haka gona ta fi aji cin lokacinsa.

Daga ramin kwal zuwa Harvard

Yana matashi ya tafi jihar West Virginia haƙar kwal. A nan ne wani tsohon soja baƙar fata mai suna Oliver Jones, wanda ya yi yaƙin basasar Amurka, ya mayar da gidansa wurin hirar ma'aikata da dare. Jones bai iya karatu ba, haka ma akasarin abokan aikin, sai suka ɗora wa Woodson karanta musu jaridu da littattafai, ana ba shi ɗan abin taɓawa a matsayin lada. Yana karanta musu, su kuma suna ba shi labarin abin da idonsu ya gani a gonakin bayi da filin daga. Labaran nan babu su a littattafan makaranta, kuma wannan giɓin ne ya zama aikinsa har ya mutu.

Sai da ya kusa shekara 20 sannan ya shiga sakandaren Douglass a garin Huntington, a 1895, ya kuma gama cikin ƙasa da shekara biyu. A 1900 ya dawo makarantar a matsayin shugabanta. Ya sami digiri a kwalejin Berea a 1903, ya yi aikin koyarwa a Filifins, ya wuce jami'ar Chicago, sannan a 1912 ya karɓi digirin digirgir a fannin tarihi daga Harvard. Shi ne baƙar fata na biyu da ya yi hakan a jami'ar, bayan W.E.B. Du Bois.

Takardar ba ta buɗe masa ƙofofin da ta buɗe wa fararen abokan karatunsa ba. Ya ci gaba da koyarwa a sakandaren baƙaƙen fata a birnin Washington.

Mako guda a Fabrairu

A watan Satumban 1915 shi da wasu abokansa suka kafa ƙungiyar nazarin rayuwa da tarihin baƙar fata a Chicago. Shekarar ce aka fito da fim ɗin The Birth of a Nation, wanda ya kambama 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan, ya nuna baƙaƙe tamkar dabbobi. A 1916 ya fara buga mujallar bincike, a 1921 kuma ya kafa kamfanin ɗab'i, domin manyan kamfanoni ba su da sha'awar irin waɗannan littattafai.

Amma mujallar masana ba ta isa hannun yaro ɗan firamare. Shi ya sa a 1926 ya ware mako na biyu na Fabrairu don tarihin baƙar fata. Ya zaɓi lokacin ne saboda mutanensa dama suna bikin haihuwar Abraham Lincoln ranar 12 ga wata, da ta Frederick Douglass ranar 14. A ganina nan hikimarsa ta fi fitowa: bai ƙirƙiro wa jama'a sabon biki ba, ya ɗora ne a kan wanda suke yi.

Sauran aikin malamai ne suka yi shi, akasarinsu mata, a makarantun wariya masu ƙarancin kujeru da littattafai. Ƙungiyar kan aika musu hotuna da ƙasidu da rubutattun wasannin kwaikwayo, su kuma su koya wa yara su hau dandali su taka rawar jaruman da littafin gwamnati ya tsallake. Iyaye da coci-coci suka shigo ciki. A 1937, bisa shawarar fitacciyar malama Mary McLeod Bethune, ya fara fitar da wata ƙaramar mujalla musamman don malamai da ɗalibai.

Bai tsaya kan Amurka kaɗai ba, ya yi rubutu kan daulolin Afirka da jarumanta, don yaro ya san tarihinsa bai fara daga jirgin bayi ba. Littafinsa da ya fi shahara, The Mis-Education of the Negro na 1933, hujja ɗaya ya kafa: makarantar da ta koya wa yaro raina asalinsa ta gama da shi tun kafin ya fita neman aiki.

Woodson ba mutum ne mai sauƙin sha'ani ba. Ya yi shekara ɗaya kacal yana shugabantar wata tsangaya a jami'ar Howard kafin su saɓa da shugaban jami'ar. Ya kuma ɓata da gidauniyoyin attajirai fararen fata da suka so sa masa linzami, tallafinsu ya yanke, ƙungiyar ta koma dogaro da ɗan abin da malamai da talakawa baƙaƙe ke bayarwa. Bai taɓa aure ba. Gidansa da ke titi na tara a Washington shi ne ofis, shi ne rumbun littattafai, a can kuma ya rasu ranar 3 ga Afrilu, 1950, shekara huɗu kafin kotun ƙoli ta soke wariya a makarantun gwamnati.

A 1976 shugaba Gerald Ford ya amince da mayar da makon wata guda. Birtaniya ta fara nata a Oktoban 1987, bisa ƙoƙarin wani ɗan Ghana, Akyaaba Addai-Sebo. Taƙaddamar dai ba ta ƙare ba: a Janairun 2023 hukumomin jihar Florida sun ƙi amincewa da wani sabon darasin nazarin baƙar fata da aka tsara wa ɗaliban sakandare, lamarin da ya jawo zanga-zangar malamai da iyaye a jihar.