Colin Chapman: Injiniyan da ya rage wa motar tsere nauyi, da bashin da ya bari

Masu tseren mota a yau kan kwance bambar ƙarfe mai nauyi da kamfani ya ɗaura wa mota, su sa ta alminiyom ko ta siraran bututu a madadinta, domin su rage ’yan kilo. Wannan ɗabi’a ta ƙwaƙule duk abin da bai zama dole ba a jikin mota, babu wanda ya kafa ta kamar Colin Chapman, mutumin da ya assasa kamfanin Lotus a Birtaniya. Ya sauya yadda ake ƙera motar tsere, ya kuma rasu da tambayoyi biyu a wuyansa: na rayukan direbobinsa, da na kuɗin talakawan Birtaniya.

An haifi Chapman ranar 19 ga Mayu, 1928 a Richmond, ya tashi a arewacin Landan inda mahaifinsa ke kula da wani otal a Hornsey. Ya karanci injiniyancin gine-gine a University College da ke Landan, ya ɗan taɓa aikin sojan sama, sannan ya kama aiki da kamfanin British Aluminium. A 1948 ya sake fasalin wata tsohuwar Austin 7 a garejin iyayen budurwarsa Hazel Williams, wadda ya aura daga baya, ita ce motar Lotus ta farko. A 1952 ya kafa kamfanin.

Ra’ayinsa mai sauƙin fahimta ne. Inji mai ƙarfi yana amfani ne a miƙaƙƙiyar hanya, amma mota marar nauyi tana cin riba a ko’ina: ta fi saurin tashi, birki ya fi kama ta, ta fi iya shan kwana, kuma ba ta cinye taya da mai da wuri. Ƙaramin kamfani irin nasa ba shi da kuɗin gogayya da Ferrari wajen ƙera inji, don haka ya mayar da hankali kan gangar jikin motar. Abin da ya koya daga jirgin sama, inda kowane kilo ke da lissafi, shi ya kawo kan kwalta.

Lotus ta shiga gasar Formula One a 1958. A 1962 Chapman ya fito da Lotus 25, wadda ya watsar da tsohon tsarin ƙarangiyar bututun ƙarfe, ya naɗe falankin alminiyom ya zama kamar kwami, direba na kishingiɗe a ciki. Motar ta fi na da ƙarfi, ta kuma fi su rashin nauyi. Da irin wannan mota Jim Clark, manomi ɗan Scotland, ya zama zakaran duniya a 1963 da 1965, ya kuma lashe tseren Indianapolis 500 a Amurka a 1965. A Lotus 49 ta 1967, Chapman ya sa injin kansa ya zama wani ɓangare na ƙashin motar, ya ɗauki nauyin tayoyin baya, ta haka ya huta da ƙarfen da zai riƙe shi. A 1968 ya shafa wa motocinsa launin kwalin taba sigari ta Gold Leaf, ya buɗe ƙofar da kuɗin talla suka mamaye wasan. A ƙarƙashinsa Lotus ta ci kofin masu ƙera mota sau bakwai, na direbobi sau shida.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Motocin Lotus sun yi suna wajen gudu, sun kuma yi suna wajen karyewa. Clark ya mutu a Hockenheim ta Jamus ranar 7 ga Afrilu, 1968 cikin motar Lotus. A tseren Spain na 1969 fikafikan motocin Graham Hill da Jochen Rindt duka sun karye a wuri ɗaya, Rindt ya ji rauni, ya rubuta wa Chapman wasiƙa yana neman a ƙarfafa sassan da ke da rauni ko da motar za ta ƙara nauyi. Ranar 5 ga Satumba, 1970 Rindt ya mutu a Monza yana gwaji cikin Lotus 72, aka danganta haɗarin da karyewar sandar birkin gaba. Shi kaɗai ne direban da aka naɗa zakaran duniya bayan ya mutu. Hukumomin Italiya sun tuhumi Chapman, kotu ta wanke shi a 1976. Gaskiya ne cewa a wancan zamani direbobi na mutuwa a motocin kowane kamfani, amma wasiƙar Rindt ta nuna cewa wanda ke zaune cikin motar ya hango iyakar rage nauyi kafin mai zanenta.

Tambaya ta biyu ta fito ne daga Belfast. A ƙarshen shekarun 1970, gwamnatin Birtaniya na neman samar da aikin yi a Ireland ta Arewa, inda rikicin Katolika da Furotesta da zaman kashe wando suka yi wa matasa katutu. Ta zuba miliyoyin fam na kuɗin haraji a masana’antar da Ba’amurke John DeLorean ya gina a Dunmurry, aka ba Lotus aikin tsara motar DMC-12. An biya sama da dala miliyan 17 ta hannun wani kamfani mai suna GPD Services, mai rajista a Panama da adireshi a Geneva, da sunan kuɗin wannan aiki. Kuɗin ba su shiga asusun Lotus ba. Masana’antar ta durƙushe a 1982, ma’aikata dubbai suka rasa abin yi, aka kuma kama DeLorean a watan Oktoba bisa zargin safarar hodar iblis, zargin da kotun Amurka ta wanke shi daga baya.

Chapman ya rasu sakamakon bugun zuciya ranar 16 ga Disamba, 1982 yana da shekara 54, kafin masu bincike su kai gare shi. Shekara goma bayan haka, a 1992, Fred Bushell, wanda ya riƙe harkar kuɗin Lotus, ya amsa laifin haɗa baki wajen zamba a gaban kotun Belfast, aka ɗaure shi shekara uku. Alƙalin ya bayyana cewa da Chapman na raye aka gurfanar da shi, da ya sha ɗaurin da bai gaza shekara goma ba. Ba a taɓa jin ta bakinsa a kotu ba, kuma DeLorean bai taɓa zuwa Birtaniya ya fuskanci shari’ar ba.

General Motors ta sayi Lotus a 1986, ƙungiyar tserenta ta rufe a 1994, yanzu kuma kamfanin Geely na China ke da kaso mafi girma a cikinsa. Tsarin da Chapman ya shigo da shi a Lotus 25 shi ne har yau ake ƙera motocin Formula One a kai, sai dai dokokin gasar sun ƙayyade mafi ƙarancin nauyin mota, suna kuma tilasta gwada ƙarfinta da karo kafin a bar direba ya shiga.