Taƙaitaccen Tarihin Nana Asma'u 'Yar Shehu, Malamar da ta Shigar da Karatu Cikin Gida ta Hanyar Waƙa

An haifi Nana Asma'u a garin Ɗegel, cikin ƙasar Gobir ta wancan zamani, a shekarar 1793. Mahaifinta shi ne Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mahaifiyarta kuwa ana kiranta Maimuna. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan, amma maimakon a sa mata sunan da aka saba sa wa 'yan biyu, sai aka raɗa mata sunan Asma'u, 'yar Sayyidina Abubakar. Mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, saboda haka a hannun sauran matan Shehu ta tashi, a gidan da mata ke karatu kamar yadda maza ke yi. Ta haddace Alƙur'ani mai girma, ta yi zurfi a fiƙihu da tauhidi da tasawwufi bisa ɗariƙar Ƙadiriyya. Ta kuma iya rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, tana jin harshen Buzaye.

Ƙuruciyarta ba ta kwanciyar hankali ba ce. Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, kuma da idonta ta ga yunwa da annoba da tashin zango na shekarun jihadi, har zuwa faɗuwar Alƙalawa a 1808. A cikin waɗannan shekaru ne aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. Bayan rasuwar Shehu a 1817, tana daga cikin waɗanda suka ɗauki nauyin tattara rubuce-rubucensa da adana su.

Abin da ya ɗaukaka sunanta a tarihi ya taso ne daga wata matsala da sabuwar daula ta tarar bayan an ajiye makamai. Akwai ɗimbin mata a ƙauyuka da gidajen birni, wasu 'yan asalin wurin, wasu kamammu ne da yaƙi ya kawo, waɗanda ba su taɓa riƙe allo ba, kuma abin da suka gada na neman waraka da sauƙin zuciya shi ne bori da waƙoƙinsa. Waɗannan mata su ke goyo, su ke raino, daga bakinsu yaro ke fara jin magana. Littattafan malamai kuwa da Larabci suke, da hannu ake kwafarsu, takardar ma sai fatake sun ƙetaro hamada da ita. Ko da an ba matar ƙauye littafi, ba ta da hanyar buɗe shi.

Nana Asma'u ta lura cewa macen da ba ta iya karanta shafi ba tana iya riƙe baiti ɗari a ka, muddin an ɗora shi a kan kari mai daɗi da amsa-amo tsayayye. Don haka ta mai da darasi waƙa. Misalin da ya fi nuna wannan hikima shi ne waƙarta mai suna Sunago, wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin baitoci 30 kacal. Da Fulatanci ta fara tsara ta, daga baya aka same ta da Hausa da kuma Larabci. Duk wanda ya taɓa fama da yaro a kan jerin surori ya san girman wannan aiki. Haka kuma a 1831 ta juya waƙar mahaifinta, Tabbat Haƙiƙa, daga Fulatanci zuwa Hausa, domin talakan da hukuncin sarakuna ke hawa kansa ya ji da kunnensa abin da Shehu ya gindaya wa masu mulki. Akwai Tawassuli ga Mata Masu Albarka, inda ta kawo tarihin mata salihai tun daga matan Manzon Allah (SAW) har zuwa matan zamaninta, ga kuma Godaben Gaskiya da Waƙar Gewaye, wadda ke bin sawun jama'ar Shehu zango-zango. Ƙaninta Isa ɗan Shehu ya taimaka ƙwarai wajen mayar da wasu waƙoƙinta na Fulatanci zuwa Hausa. Ayyukanta da suka iso gare mu sun kai kimanin 60.

Tsara waƙa abu ɗaya ne, isar da ita ɗakin matar da ke nesa da birni wani abu ne daban. A nan ne ta kafa tsarin da aka sani da 'Yan Taru. Daga kowane yanki akan zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana a naɗa ta jaji. Nana da kanta ke ɗora mata malfa, ta naɗa mata jan rawani a kai. Wannan malfa a da alamar Innar Gobir ce, shugabar 'yan bori, kuma ba da wasa Nana ta ɗauko ta ba: matan karkara sun riga sun san girman mai sanye da ita, sai aka bar musu alamar aka sauya abin da ke ƙarƙashinta. Jaji kan jagoranci ayarin tsofaffin mata da ƙananan 'yan mata, su taka a ƙasa zuwa Sakkwato, su zauna gaban malama su ɗauki waƙa baiti-baiti tare da bayaninta. Matan aure masu ƙananan yara ba a ɗora musu wahalar tafiya, karatun ne ke zuwa ya same su. Ayarin kan zo da sadakar hatsi da zuma da man shanu da sawaye, a raba wa mabukata.

Idan ayari ya koma gida, a tsakar gida ake zube guzurin. Jaji ta rera, matan gida su amsa, yara na gefe suna kamawa tun ba su san ma'ana ba, har ranar da za su girma ma'anar ta riske su. Ana sussuka ana rerawa, ana kaɗi ana rerawa. Ta haka yadda ake alwala, da haƙƙin maƙwabci, da tarihin Annabi, da labarin hijira suka zauna a zukatan mutanen da ba su taɓa mallakar littafi ba. Rubutun ajamin da aka adana waƙoƙin a cikinsa ba ya ɗauke da zanen mutum ko dabba irin na littattafan yara na yau. Aikin da hoto ke yi a yanzu, siffantawa ce ke yin sa a lokacin, domin Nana takan zayyana ni'imar Aljanna da firgicin ranar hisabi filla-filla har mai sauraro ya ga abin a zuci. Littattafan Hausa masu zane sai a ƙarni na 20 suka yaɗu daga Zariya, irin su Magana Jari Ce na Abubakar Imam a ƙarshen shekarun 1930.

A nan ya kamata iyaye a Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa su tsaya su duba. Yaranmu na Islamiyya har yau da waƙa suke haddace darussa da dama, kuma wannan gado ne mai asali. Inda aka samu rauni shi ne waƙar takan tsaya a bakin ƙofar makaranta. Uba ya sayi littafi ya miƙa, uwa ta adana shi a jaka, ba a samu daren da aka zauna aka karanta shi da murya ba. Nana ba ta da injin ɗab'i ko rediyo, amma ta tabbatar babba da yaro sun ji baiti ɗaya a zaune ɗaya.

Ba malamar mata kaɗai ba ce. Muhammadu Bello yana jin shawararta, malamai maza suna yi mata wasiƙa, kuma da Bello ya rasu a Wurno a 1837 ta yi masa marsiyya. Abin lura a marsiyoyinta shi ne ba manya kawai ta yi wa ba. Ta yi wa maƙwabciyarta, ta yi wa wata jaji mai suna Hauwa'u, kuma halin kirki da haƙuri da sulhunta mutane take yabawa, ba dukiya ko sarauta ba.

Allah Ya yi mata rasuwa a 1864 tana da shekara 71 ko kusa da haka, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare, cikin birnin Sakkwato. Allah Ya jiƙanta da rahama. Ƙanwarta Maryam ce ta gaje ta a jagorancin 'Yan Taru, kuma wannan Maryam ta taɓa zama a gidan sarautar Kano a matsayin matar Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846. Zuriyar Nana da Giɗaɗo ce ta ci gaba da riƙe wazircin Sakkwato, kuma a ɗakin karatun ɗaya daga cikin zuriyarsu, Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, aka adana mafi yawan takardunta. Daga nan ne Jean Boyd, wata Baturiyar Ingila da ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ta samu damar nazarinsu, ta wallafa tarihinta a 1989, sannan a 1997 ita da Beverly Mack ta ƙasar Amurka suka fitar da tarin ayyukanta tare da fassarar Ingilishi. Makarantun 'yan mata da ɗakunan kwanan ɗalibai da dama a Arewacin Nijeriya suna ɗauke da sunanta.