Benjamin Franklin, Dattijon da Ya Haɗa Tabarau Biyu

Duk wanda ya zauna da dattawa a ƙasar Haɗeja ya san wani abu da ke samunsu idan shekaru sun haura arba'in. Masunci zai hango kwalekwale can a tsallaken kogi, amma in ya zauna gyaran komarsa sai ya kasa ganin ƙulli. Tela kuwa sai ya kira yaro ya zura masa zare a kafar allura. Dalili shi ne akwai wani ɗan madubi mai laushi a cikin idon mutum, wanda yake lanƙwasa idan za a dubi abu na kusa. Da girma ya zo sai ya taurare. Mutumin da zan ba da tarihinsa shi ma wannan abu ya same shi, amma bai zauna ya zuba ido ba.

An haifi Benjamin Franklin a birnin Boston na ƙasar Amurka ran 17 ga Janairu, 1706. Ubansa talaka ne mai yin kyandir da sabulu, 'ya'yansa goma sha bakwai, Benjamin ne na goma sha biyar. Shekara biyu kacal ya yi a makaranta, watau ko rabin firamare bai kai ba. Yana da shekara 12 aka ba da shi ga wansa James don ya koyi aikin ɗab'i. Ba su jitu ba, saboda haka a 1723 ya gudu zuwa Filadelfiya, aljihu kusan wayam. Can Allah ya buɗa masa. Ya kafa tasa maɗaba'a, ya riƙa buga jarida, a 1731 kuma shi da abokansa suka buɗe laburare inda mutum zai ari littafi ya je gida da shi. Shi ne ya nuna cewa walƙiya wutar lantarki ce, ya kuma ƙago sandan ƙarfen nan da ake kafawa a kan dogayen gine-gine don kare su daga aradu.

A 1776 yana cikin waɗanda suka sa hannu a takardar 'yancin Amurka, a shekarar ce kuma aka aika shi Faransa neman taimako a yaƙin da suke yi da Ingila. Lokacin yana da shekara 70. Tabarau biyu yake amfani da su, ɗaya na karatu, ɗaya na hangen nesa, kullum yana cikin cire wannan ya sa wancan. To, ga shi Faransancinsa ba wani mai ƙarfi ba ne, sai yana kallon fuskar mai magana yake fahimta sosai. A wurin liyafa kuwa, in ya sa na kusa ya ga abinci, fuskokin mutane sun dushe. In ya sa na nesa, akushin gabansa ya ɓace masa. Jakadan da bai gane abin da ake faɗa masa ba kuwa, ai ƙasarsa ce a cikin hatsari. Dabarar da ya yi ita ce ya sa aka yanka gilasan gida biyu, aka haɗa rabi da rabi a ƙarfe guda, na nesa a sama, na kusa a ƙasa. In zai yi karatu ya sauke ido, in zai dubi mutum ya ɗaga. Ya bayyana haka, har da zane, a wasiƙar da ya rubuta wa abokinsa George Whatley a 1785. Waɗansu masana tarihi sun ce akwai masu irin wannan tabarau a Ingila tun kafin nan, amma da sunansa aka san shi. Bai taɓa yin rajistar abin da ya ƙago don ya ci riba shi kaɗai ba, wannan ne abin da ya fi burge ni.

Dabarar tasa ba ta tsaya a kan hanci ba. A 1888 wani likita, Adolf Fick, ya gwada ɗan gilashin da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido, a 1961 kuma Otto Wichterle ya yi mai laushi a birnin Prague. Yanzu akwai irinsa mai ɗauke da ƙarfin nesa da na kusa tare, kamar dai na Franklin. Sai dai yana son tsabta ƙwarai, ba a wanke shi da ruwan rijiya ko na kogi, ƙurar hunturu kuma ba ta ƙyale shi. Shi ya sa a ganina tabarau ya fi dacewa da dattawanmu na fadama.

Franklin yana da nasa aibi, domin ya taɓa mallakar bayi. Daga baya ya canza ra'ayi, har ya shugabanci ƙungiyar neman hana bauta, a Fabrairun 1790 ya aika wa majalisar ƙasarsu takardar roƙo a kan haka. Bayan wata biyu, ran 17 ga Afrilu, ya mutu a Filadelfiya yana da shekara 84. Hotonsa ne a jikin takardar dala ɗari ta Amurka.